Ɗan Lido Mai Fuska Ashirin

Daren Juma'a, saman bene a Dogon Dutse,
sanyin Jos ya shigo ta ƙasan ƙofa ya zauna da mu.
Mu biyar, tebur ɗaya mai gurguwar ƙafa,
an tokare ta da tsohon littafin lissafi.
Ni ke riƙe da labari.
Ni ne gari, ni ne sarkin ƙofa,
ni ne dodon da ke ƙasan rijiya.

Kangyang ta zuba makinta a takobi.
Gyang ya zuba nasa a tsafi da layu.
Lantana ta ɗauki baka da kwari.
Shi kuwa Nafi'u, kwana uku yana lissafi,
ya kwashe ƙarfi, ya kwashe gudu, har lafiyar jiki,
ya juye su duka a kan harshe.
Ya raɗa wa jaruminsa suna Ɗan Zuma.

Na gina ganuwa mai gaba goma,
na sa mata masu gadin da ba sa gyangyaɗi.
Ya ce zai yi musu magana.
Ɗan lido mai fuska ashirin ya gangara,
ya bugi kofin shayi, ya tsaya: huɗu.
Huɗu! Na gyara zama.
Ya ɗaga takardarsa: a ƙara sha tara.
Masu gadi suka buɗe ƙofa, har da rakiya da fitila.

Dodon da na kwana ina zana wa haƙora
ya ba shi zinariya, ya ce a gaida gida.
Takobin Kangyang ya yi tsatsa a kube,
ita kuma ta koma latsa waya.
Gyang ya cinye gyaɗar kowa.

Na fusata. Na kawo kurman mai gadi,
ya lallashe shi da maganar hannu.
Na kawo kogi, don kogi ba shi da kunne,
ya shawo kan mai kwalekwale, kyauta.

Sai na yi abin da har yau nake jin kunyarsa.
Na ce, "Ajiye ɗan lidon.
Faɗa min da bakinka abin da za ka ce wa sarauniya."
Nafi'u, da ko tumatir a Farin Gada
bai iya tayawa ba,
wanda harafin farko ke maƙale masa kamar ƙayar kifi,
ya buɗe baki: "Ra... ra... ran..."
Shiru, sai janareton maƙwabta.
Lantana ta dube ni:
"Ni ka taɓa cewa in harba kibiya ta taga
kafin ka yarda na iya harbi?"

Ban runtsa ba.
Ashe ba cin kowa yake nema ba,
aron baki yake yi, awa uku a mako,
bakin da ba ya tuntuɓe.

Da mako ya zagayo ban toshe kunnen kowa ba,
na dai buɗe littafin bashi.
Mai gadin nan an sallame shi, ya zo da 'ya'ya shida:
"Kai ka ce za ka tsaya min."
Mai kwalekwale na jiran sabon jirgin da aka ce za a sassaƙa masa.
Dodo ya aiko: zinariyar rance ce, wa'adi ya cika.
Duk ƙofar da harshe ya buɗe
ta biyo shi gida tana neman tuwo.

Nafi'u ya yi dariya har da dukan tebur,
littafin lissafi ya zame.
Ya juya wajen Kangyang, ba ɗan lido, ba takarda,
kalma na bin kalma
kamar mai hawa duwatsun Shere da takalmin roba:
"Ki... ki zo da takobinki. Na ja... jawo mana."

Ta kife wayar.
"Tun yaushe nake jira," in ji ta.
Ta hura ɗan lidon a tafinta, ta jefa.
Ya gangara ƙarƙashin kujera,
mu biyar muka durƙusa a siminti mai sanyi
muna lalube.