Matakala Goma Sha Huɗu

Matakala goma sha huɗu ne tsakanin ɗakin Ingunn da kicin.
Ni na ƙirga. Da can wa ke ƙirgawa?
Jin ta kawai ake yi, dirim, dirim, uku-uku take haɗawa,
gashi a jiƙe, gishirin teku a wuya,
tana tambayar abin da na dafa tun ba ta cire takalmi ba.
Yarinyar da ke ninƙaya a ruwan Bodø
sa'ad da masunta ke hura hannu don sanyi.

Tana da sha bakwai zazzaɓin ya zo.
Maƙogwaro ya kumbura,
kaluluwa ta fito a wuya kamar ƙwan tattabara.
Ƙawaye suka ce ciwon sumba ne, faɗa mana, wane ne?
Ta ja bargo ta rufe fuska tana dariya.
Likita ya ce mako uku.

Zazzaɓin ya cika alkawari, ya tafi.
Ita ce ba ta dawo ba.

Kada ku ce gajiya.
Na san gajiya: shekara ashirin ina fiɗar kifi a masana'anta.
Gajiya barci ke biyan ta.
Wannan kuwa bashi ne mai ruwa.
Ran haihuwar ubanta ta sauko ta zauna awa guda,
ta yanka kek, ta yi mana murmushi.
Kwana tara ta biya, labule a sake,
ƙarar cokali a kofi na sukar ta har cikin ƙashi.

Jininta lafiya lau, in ji takarda.
Goggonta Aslaug ta ce a fitar da ita ta sha iska,
wai kwanciya ke haifar kwanciya.
Na yi shiru. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

A Tromsø wata likita, Hjørdis Myklebust,
ta juya bayan ambulan ta zana ɗan da'ira.
Ta ce: wannan ƙwayar dangin ƙarambau ce,
dangin ƙurjin nan da ke fitowa a leɓe.
In sun shiga ba sa fita.
Kusan kowa na ɗauke da ita, ni da ke ma,
tana kwance a jini kamar garwashi a toka.
Wataƙila a jikin 'yarki ta farka.
Wataƙila ba ta farka ba,
dakarun jikin ne ba su ji an ce yaƙi ya ƙare ba.
Wataƙila ma mun kama wanda muka tarar a bakin ƙofa ne,
ɓarawon ya daɗe da haurawa.
Ba mu tabbatar ba tukuna.

Na ƙirga: wataƙila uku.
Na ninke ambulan ɗin na sa a jaka.
Ita ce ta fara duban Ingunn ba ta ce ƙarya take ba.

A nan rana kan ɓace mana makonni a hunturu,
ba wanda ke zarginta da lalaci.
Mukan kunna kyandir a taga, mu jira.
Shekara shida ke nan.
Rigar ninƙayarta na rataye bayan ƙofa,
robar ta saki, na kasa yarwa.

Jiya da hantsi na ji katako ya yi ƙara.
Ɗaya.
Shiru.
Biyu. Uku.
A ta huɗu ta zauna, ta jingina kai da bango,
ta ce, Mama, ƙamshin me nake ji?

Miyar kifi ce.
Na zuba a ƙaramin kwano,
na hau goma.