Daren Kaset a Gadarif

An gama yankan riɗi, aljihu ya yi nauyi,
sai Attayib ya fito da tsohon bidiyonsa,
ya hure kaset, ya ɗora talabijin kan durom
a bayan rumfar Sittana mai shayi.
Fim ɗin ya girmi rabin masu kallo,
launinsa ya koɗe kamar jallabiyar lebura.

Wani ne ya farka a gadon asibiti,
kai naɗe da bandeji, ko sunansa bai sani ba.
Mace ta zo ta ce, ni ce matarka.
Dattijo ya zo ya ce, ni ne baffanka, sa hannu nan.
Suka kai shi wani gida mai bene
inda hoton dangi ke rataye a bango,
an yanke fuska ɗaya da almakashi.
Karen gidan kaɗai ya ƙi yi masa haushi.

Ana saura kwata a ƙare
janareta ya yi tari sau biyu, ya mutu.

Cikin duhu Cindo direba ya fara:
Matar nan ƙarya take,
wadda ta san mijinta ba ta tambayarsa cokali nawa.
Sittana ta ce, kai dai ka sha shayinka,
shekara tara ina zuba maka
kuma kullum sai na tambaya.
Aka yi dariya har da masu tari.

Jatau ya rantse ya gani tun yana saurayi
a silima, can Madani, kan benci:
baffan ne ya kwance birkin motar.
Attayib ya ce, kaset ɗina ne fa,
na kalla ya fi sau ashirin,
likitan ne. Ko ƙanen. Tsaya tukuna.
Wani yaro mai waya ya ce duk shirme ne,
jinin ma da gani tumatir ne,
kuma wa ke manta kansa don ya bugu a ƙeya?

Malam Shekarau bai ce komai ba tun farko.
Yana gefen gadon igiya, gahawarsa ta huce.
Ya ce, yaro, ba sai an bugi ƙeya ba.
Kakana ya taso daga yamma da ƙafa, zai je Makka,
guzuri ya ƙare nan, ya tsaya noman shekara ɗaya.
Shekarar ce har yau ba ta ƙare ba.
Babana ya ce mu mutanen Haɗeja ne,
gwaggona ta ce Katagum, kada in ji ƙarya.
Akwai wata takarda cikin gafaka,
gara ta cinye daidai wurin sunan garin.
Ni ma farkawa na yi na tarar da mutane a kaina,
suka ce ga sunanka, ga danginka,
na sa hannu.

Ba wanda ya tanka.
Cokalin Sittana ya daina zagaya kofi.
Daga nesa wata babbar mota ta wuce
da buhunan riɗi, ta nufi Bur Sudan.

Da aka samo mai, janareta ya tashi,
amma bidiyon ya tauna kaset,
Attayib ya jawo zaren kamar hanjin kaza.
Cindo ya ce, matar ce dai. Jatau ya ce, baffan.
Kowa ya ɗauki ƙarshensa ya tafi da shi gida.

Ni kam na tarar da inna ba ta yi barci ba,
tana tsince dawa a hasken fitila.
Na ce, inna, mu daga ina muke?
Ta ce, daga ina kuwa? Rufe ƙofa, sauro na shiga.