Rubu'i Kaɗai

Ranar da motar asibiti ta zo ɗaukar Desmond
ya miƙo mini makulli da takarda mai ninki huɗu.
Bai ce in kula da gidan ba.
Ya ce, "Kifayen, Hajo. Duk Lahadi. Rubu'i kaɗai."

Ga ni a Hull, a hawa na biyu,
na taso daga aikin dare, ƙafafuna kamar ba nawa ba,
a gaban akwatin gilashi mai cin lita ɗari da ashirin.
Kifi goma sha ɗaya suna yi mini
kallon wadda ta shigo ba sallama.

Takardar ta ce: fara kashe hita.
Ta ce: shuɗin bokitin nan bai taɓa ganin sabulu ba,
kada ya fara gani a hannunki.
Ta ce: bokiti a ƙasa, tanki a sama,
ruwa ya san hanyarsa, tuna masa kawai za ki yi.

Na cusa bakin tiyo cikin tsakuwa, na zuƙi ɗaya bakin.
Lahadin farko na sha, wallahi na sha.
Ɗanɗanon kududdufin bayan makarantarmu a Gumel
ya biyo ni har Ingila,
ya iske ni durƙushe a kan kafet ɗin maƙwabci.

Sai ruwan ya kama gudu.
Tsakuwa ta tashi cikin bututun, ta juya, ta koma,
dauɗa ta wuce ita kaɗai.
Na ce, au! Ashe regaya ce.
Hannun Iya ne a ƙwaryar gero,
mai nauyi ya zauna, marar nauyi ya tafi.

Amma ni an raine ni a kan darzar tukunya
har sai na ga fuskata.
Lahadi ta uku zuciyata ta ce: kwashe su a roba,
zubar da komai, wanke gilashin nan tas.
Na buga masa waya.
Ya yi dariya, tari ya ƙwace dariyar, na jira.
"Za ki kashe su da tsabta," in ji shi.
"Soson matatar ma, a tsohon ruwan za ki matse shi.
Akwai masu rai a cikin dattin nan,
ba kya ganinsu, su ke riƙe da gidan."

To.
Na tari sabo a famfo,
na ɗiga maganin kulorin da murfinsa, rabin murfi,
na sirka har ma'auni ya tsaya a ashirin da biyar,
na kuma taɓa da gwiwar hannu
yadda nake yi wa ruwan wankan Nusaiba tana jaririya.
Na ɗora faranti a kan tsakuwa, na zuba a kansa
sannu sannu,
kada baƙon ruwa ya shigo musu da ƙarfi.

Tsohon kuwa ba ya bin rariya.
Mu ba ma zubar da ruwa.
Barkonon da ke bakin tagata ya sha, har ya yi fure.

Shekarata tara a garin nan.
Wani lokaci, ina riƙe da tiyo, nakan tsaya lissafi:
rubu'i a mako, rubu'i a mako,
nawa ya rage na ruwan da na zo da shi?
Jiya na nemi sunan wani ganyen miya, ya ɓace mini,
sai cikin dare ya dawo.

Yau Lahadi ta bakwai. Kujerarsa tana nan yadda ya bar ta.
Na kunna hita, na goge ɗigon da ya zuba, na ƙirga.
Goma sha ɗaya.
Na sake ƙirgawa.
Can ƙarƙashin ganye, wani abu kamar tsinken ashana
mai ido biyu.

Talata zan kai masa hoton.
Na san ba zai ce madalla ba.
Zai gyara robar da ke hancinsa, ya ce,
"Nawa kika canza?"