Kwanon Baba

Shekarar da gyaɗa ta yi kuɗi
Baba ya sa aka rushe soron kakanmu.
Ya ce rufin ƙasa na matsiyata ne.
Ya sayo kwano bandir uku,
Bagalam kaf ta fito kallo,
rufi yana ƙyalli kamar tasa a jeren amarya.

Ni na gaji kwanon.
Na kuma gaji da shi.

Bazara, bayan azahar,
ɗaki tanda ne, mu ne waina.
Fanka tana tuƙa zafi kamar tuwo,
kuran ya ɗauke, ta tsaya cik.
Ƙarshen wata takarda ta iso,
jika goma sha tara,
kuɗin iskar da ba mu sha ba.

Tsahara ce ta fara, ba ta nemi shawarata ba.
Ta aiki yara bakin gulbi ɗibar yumɓu,
ta cuɗa da ƙaiƙayi da kashin jaki,
ta gina wa tukunya riga daidai wuyanta.
Duwatsun murhu uku suka koma mazaunin baƙi.
Damin icen da ke kwana biyu
sai ga shi ya ga Juma'a,
idonta kuma ya bar ja.

Kunya ta kai ni gidan Gije magini.
Ya saurare ni yana ɓare goro,
ya yi dariya har hula ta faɗi:
"Ubanka ya biya ni na sauke ƙasa,
kai za ka biya ni in mai da ita.
Allah ya ja kwanana in ga ɗanka."

Kwano bai sauka ba, aljihu bai kai can ba.
Mun shafe bayansa da farar ƙasa,
mun shimfiɗa zana da kara a ƙarƙashinsa.
Bangon yamma, mai shan rana har magariba,
Gije ya ƙara masa ƙiba taki guda.
Ya huda taga can sama, kusa da rufi,
ya ce zafi baƙo ne mai girman kai,
ba ya fita ta ƙofar da ake sunkuyawa.

Ba duka ne ya yi daɗi ba.
Gara ta ci zanar farko.
Bedi uku na dasa, akuyar maƙwabta ta yi kalaci da biyu.
Na ukun yana nan cikin kejin ƙaya,
yana shan ruwan alwala da na ɗauraya
ta ƴar hanyar da Lawali ya haƙa masa
da guntun hauya.

Buhun aya huɗu na sayar
na ɗora farantin rana bisa rufi,
faɗinsa bai kai tabarmar salla ba.
Ƙwai uku yake kunnawa, ya cika waya biyu.
Firji ya fi ƙarfinsa,
randa ta ci gaba da sarautarta a gindin bango.
Habsu ke hawa tsani da sassafe
ta share masa fuska da tsohon kallabi.
Ranar da muke wa tsaki
yau ita ke biya mata kuɗin fitilar karatu.

Baba yana zaure duk tsawon aikin,
carbi a hannu, baki a rufe.
Sau ɗaya ya yi magana:
"Kun mai da gidana ƙauye."

Jiya rana ta take tsaka,
ko kaji sun buɗe baki,
na duba zaure, babu shi, babu buzunsa.
Na same shi a ɗakin yamma
kwance, hula bisa ƙirji,
jaririyar Tsahara na barci a gefensa,
ba mai ko ɗigon gumi.

Na juya zan fita, ya ce, ido a rufe,
"Isuhu."
Na ce na'am.
Ya ja numfashi, ya daɗe.
"Ɗakin nan ƙamshin babana yake yi."