Injin da Ke Tashi da Safe

Fiffikensa ya fi ƙofar shagona tsawo,
sai an karkata shi yake fita,
kamar gadon da aka saya ba a auna ɗaki ba.
Wata bakwai ina manna katako, ina gugar sanfefa,
gangar jiki ta kammala.
Saura zuciya.

Na farko ɗan kwali ne,
daga hannun Jumare a Sabon Gari,
yana sheƙi kamar haƙorin Makka.
A takarda doki, a fili jaki.
Sau arba'in na buga farfela a bayan Hanwa,
yara suka gaji da ƙirga suka koma ƙwallonsu.
A na arba'in da ɗaya ya yi tari,
ya sare ni a babban yatsa,
ya koma barcinsa.
Ɗinki uku a Shika.

Na kai ƙara wurin Baba Yero a Palladan,
wanda ya shekara talatin yana goge man jiragen kwaleji
bai taɓa barin ƙasa ko da kamu ɗaya ba.
Ya dubi bandejina, bai ce sannu ba.

Ya ce, Dalhatu, ƙarfi ka tambaya,
da ka tambayi hali.
Yaya yake da sanyin asuba,
kafin kowa ya lallashe shi?

Juya farfela da hannu, a hankali.
In ta turje kamar akuyar da ta gane hanyar kasuwa,
da sauran numfashi a fistan.
In ta bi ka salin-alin, bar wa mai shi kayansa.
Kwance filogi ka duba bakinsa,
launin soyayyiyar gyaɗa kake nema,
ba gindin tukunya ba.
Kuma kafiretar da za ka sami robarta
wajen masu zarto a nan Tudun Wada
ta fi wadda sai an jira jirgin ruwa.

Ya kurɓi shayi.
Ya ce, kowane inji ya iya ihu.
Ka saurare shi sa'ad da aka rage masa wuta,
don a wajen sauka ake cin amana.

Haka na ƙare da zuciyar wani tsohon zarto
da ya ci itatuwa har ƙarfensa ya dushe.
Mummuna ne, kuma da nauyi,
sai da na mai da batir can wajen wutsiya
kafin hancin ya daina sujada.
Fetur kuwa ban ƙara yarda da jarkar bakin titi ba.
Ina tacewa da farin ƙyalle,
in auna baƙin mai da sirinji
kamar mai ba jariri magani.

Asabar, raɓa ba ta bushe ba.
Baba Yero ya tare wutsiya da ƙwaurinsa.
Na rufe cok. Ɗaya, biyu, uku, ya yi gyaran murya.
Na buɗe.
Bugu na biyu ya amsa.
Da sanda na buga, yatsa ya yi ilimi.

Ya ci ƙasa taku ashirin ya sake ta.
Ya karkata, Kufena ta shiga ƙarƙashin fiffikensa,
can sama da shi wani ɗalibin kwaleji
yana kewayensa na safe a jirgin gaske,
bai san yana da ƙane ba.

Tsoho bai ɗaga kai ba.
Idonsa a rufe, ya ce, rage mu ji.
Na ja maɓallin rimot ƙasa, cikina ya bi shi.
Ƙarar ta faɗi, ta faɗi,
ta tsaya a wani gunaguni
kamar tattabara a rufin soro,
ba ta mutu ba.

Ɗan kwalin yana nan a kan teburina.
Shi ke danne rasit kada fanka ta kwashe.
Wannan aikin dai
bai taɓa ƙin tashi ba, tunda ba a ce ya tashi ba.