Tsinken Awo

Ranar da aka zo tafiya da Nazifi
na karya tsinken tsintsiya daidai ƙafarsa,
daga diddige zuwa babban yatsa,
na soke shi a jikin azara.

Alƙalin Roni ya ce riƙo nawa ne,
ya buga hatimi, na ƙulle takardar a gefen zane.
Da na kai ta Kankiya
magatakarda ya juya ta, ya sake juyawa,
ya ce wannan ta Jigawa ce,
a nan sai an bi wata hanyar.
Uban yaron na gindin darbejiya yana ɓare gyaɗa.

An ɗage zama. An ƙara ɗagewa.
Gero ya yi bununi, aka girbe, aka sussuke.
Awakina biyu suka tafi a kuɗin mota.

Da salla ta matso na shiga kasuwa
da tsinkena a hannu.
Mai takalma ya gwada, ya zaɓo ja mai maɗauri.
Na ba Ɗanliti direba, na ce hannu da hannu.

Jiya ya dawo mini da su cikin leda.
Sun yi kaɗan, diddige a waje.
Ya ce yaron ya yi giɓi,
kuma ya tambaya ko akuyarsa mai farin goshi ta haihu.

Na ce a ce masa ta kusa.

Sai na zaro sabon tsinke, ban karya ba.
Na ce Ɗanliti, in ka koma,
ka durƙusa
ka auno mini shi.