Takardar Lafiya

Fijona mai dogon baya ta riga ni sanin hanya.
Kawu Bappayo ya saye ta ina ɗan aji uku,
ya rasu ya bar mini ita, da makulli ɗaya da bashin taya biyu.
Ran Litinin na kai ta awo,
a duba ta, a ba ta takardar lafiya.

Tun asuba na wanke ta bakin famfo a Jekadafari,
na rufe tsatsar ƙofar baya da baƙin fenti,
na ɗura wa lagireto ruwa har ya tumbatsa,
na dafa ta na ce: ki rufa mini asiri,
tarin nan naki ki haɗiye shi zuwa gobe da safiya.

Mai awon yaro ne, Lamela, fara kal rigarsa, biro a kunne.
Kunna fitila. Na kunna.
Danna ham. Na danna, har wata akuya ta zabura.
Ya zagaya ta sau ɗaya, ya shuri taya da takalmi,
sai ya ci birki gaban 'yar fitilar lamba da ta mutu,
ya dube ni kamar ya kama ɓarawon tunkiya.

Na tsallaka titi na sayo ƙwan fitila, na ɗaura.
Ya buga hatimi, ya sa hannu,
ya ce mota lafiya lau, shekara guda cur.
Na kalli gwiwar wandonsa: ko ƙura babu.
Bai durƙusa ba.
Ni kuma na karɓa hannu biyu, har da godiya.

Da ya leƙa, da ya ga salansa ɗaure da waya,
da shokazoba da suka zauna tun masarar Kumo ta bara.
Da ya zauna a kujerata, da ya ji wasan sitiyari,
ya ji yadda giya ta biyu ba ta shiga sai da lallashi,
ya ga murfin baya da nake tokarewa da sandar tsintsiya.

Duk waɗannan mun saba, ni da ita,
tsufa ne, ba cuta ba.
Wanda ke hana ni barci ɗigo ne ɗaya,
bayan tayar hagu, kullum safe a ƙasa,
kamar kwabo,
mai santsi a yatsa, mai ɗaci a zuciya.

Ga shi ran Juma'a zan hau Tula da mutum bakwai,
cikinsu har Hajjo 'yata, da akwatinta na makaranta.
Dutsen Tula bai yi boko ba.
Gangararsa ba ta karanta hatimi,
ba ta tambayar sa hannun kowa,
ƙafarka kawai take tambaya, a kwana ta tsakiya.

Na juya sai Tashar Dukku, gindin dalbejiyar Jungudo.
Bai amsa sallamata ba sai da ya shimfiɗa kwali,
ya shige ƙarƙashi har ƙafafunsa kaɗai ake gani.
Ya jima.
Ya fito ya shinshina yatsa, ya miƙo mini bututun birki,
ya murza shi, ya marmashe kamar ƙuliƙulin jiya.

Ya faɗi kuɗi. Na ji har cikin haƙori.
Kuɗin buhun shinkafar gida ne, babu ragi.
Na ƙirga masa, ina kallon takardata a aljihu,
sabuwa fil, ko lanƙwasa babu,
Jungudo ya gan ta, bai ce komai ba sai dariya.

Yanzu shaida biyu motar ke ɗauke da su.
Ɗaya na aljihun gaba, don masu tsare hanya.
Ɗayar tafin hannu ne na baƙin mai,
inda Jungudo ya dafa bodi zai miƙe.
Hajjo ta ɗauko tsumma za ta goge,
na ce bar shi tukun,
sai mun sauko daga Tula lafiya.